Injin Curin Abincin Kifi DGP60: Abin Da Yake Iyawa Da Abin Da Dillali Ba Ya Faɗa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, buhun abincin kifi mai shawagi ya yi wuyar samu ga masu kiwon karfasa da tarwaɗa a bakin kogunan Bahar Azrak da Bahar Abyad. In ma an samu, kuɗin mota da tsadar dala sun riga sun hau kansa. Shi ya sa daga Mai Wurno da Sinja zuwa Damazin, daga Kosti zuwa Rabak, duk inda masu kududdufi suka zauna sai an tabo maganar ƙaramin injin nan na China da ke cura abinci ya fito yana shawagi a kan ruwa. Wanda aka fi ambata shi ne mai lamba DGP60. Masana'antu da yawa ne ke ƙera shi da wannan lamba, akasari a lardin Henan, saboda haka biyu na iya zama iri ɗaya a ido amma ƙarfensu ya sha bamban.

Hukuncina a kansa shi ne: inji ne na gaske, yana yin aikin da aka ce yana yi, amma shi tsakiyar aiki ne kawai. Akwai niƙa a gabansa, akwai busarwa a bayansa, akwai wutar lantarki mai ƙarfi da zai tsaya a kanta. Wanda ya saye shi shi kaɗai ba tare da waɗannan ukun ba, ya sayi ƙarfen ajiya.

Ginin injin ba shi da wuyar ganewa. Akwai mazurari a sama inda ake zuba gari, da ƙaramin moto mai tura garin a hankali. Garin yana faɗawa cikin bututun ƙarfe mai kauri wanda sukuru ke juyawa a cikinsa, babban moto mai kilowat 15 ne ke juya shi ta hanyar bel. Sukurun gunduwa-gunduwa ne, a tsakaninsu akwai zobba masu matse hanya. A bakin bututun akwai faranti mai huji, a gabansa wuƙa mai nata ƙaramin moton tana yanka abin da ya fito. Ba a haɗa shi da tukunyar tururi. Zafin yana fitowa ne daga gogayyar garin da ƙarfe, wasu kuma suna zuwa da ɗamarar lantarki mai ɗumama bututun kafin a fara. A cikin bututun zafi yana kai digiri 120 zuwa 150, ga matsi mai yawa, sai sitacin hatsin ya nuna ya yi danƙo. Da ya leƙo ta huji matsin ya sake shi, ruwan da ke ciki ya zama tururi nan take, ƙwayar ta kumbura kamar gugguru. Iskar da ta maƙale a cikin kumburin ita ce ke riƙe ta a saman ruwa. Duk wata matsala da za a fuskanta da wannan inji, in an bi diddigi, tana komawa ga abu ɗaya: sitaci ya nuna ko bai nuna ba.

Takardun masu sayarwa suna cewa yana fitar da kilo 120 zuwa 150 a awa. Wannan lissafi ne na huji mai faɗi da gari mai yawan masara. Da namu haɗin, mai dusa da umbaz, wato abin da ke ragewa bayan an matse mai daga gyaɗa ko riɗi, kuma da farantin milimita 2 ko 3, gara mutum ya yi lissafinsa a kan kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta. In ya samu fiye da haka, riba ce.

Maganar wuta ita ce ta farko da ke kayar da mutane. Moto mai kilowat 15 yana buƙatar wuta mai layi uku, kuma in yana cikin aiki yana jan amfiya 28 zuwa 30, lokacin tashi kuwa ya ninka haka sau da yawa. Wutar gida ba ta ɗaukarsa, wutar hasken rana ta famfon ban ruwa ma ba ta ɗaukarsa. In janareta ne, a nemi mai kVA 40 ko kusa da haka, domin injin niƙa ma zai hau kansa, kuma a sa ran lita 6 zuwa 8 na gas a kowace awa. Wannan man dole ya shiga kuɗin kowane kilo na abinci, da yawa suna mantawa da shi har sai sun zo ƙididdiga. Akwai samfurin da ake haɗa shi kai tsaye da injin dizal ta bel, kuma a ƙauyen da kahraba, wato wutar lantarki, ba ta da tabbas shi na fi so, ko da yake saurinsa yana hawa da sauka idan lodi ya canza. Hatsarin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ba ƙarami ba ne. Cikin 'yan mintoci garin da ke cikin bututu zai daskare ya kama sukuru, sai an kwance komai an bi shi da cizal da guduma. Wanda ya yi gangancin sake kunna moto a kan daskararren gari, ko bel ya ƙone ko boris ya tafi.

Sai niƙa, kuma a nan ne aka fi asara ba tare da an gane dalili ba. Ƙa'idar ita ce girman ƙwayar gari kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin hujin faranti. Huji mai milimita 3 yana son garin da bai wuce milimita 1 ba, mai milimita 2 yana son ƙasa da 0.7. Injin niƙan unguwa da ke yi wa mata garin kisra yana iya yin laushin dawa, amma umbaz da busasshen kifi mai ƙashi suna son injin niƙa mai guduma da ragar milimita 0.8 ko ƙasa, a kuma tankaɗe bayan an niƙa. Gari mai tsakuwa-tsakuwa yana toshe huji ɗaya bayan ɗaya, sauran hujin su ɗauki matsin, sai ka ga ƙwaya tana fitowa wata doguwa wata gajera, rabinta yana nitsewa. Dillali zai nuna maka faranti mai hujin milimita 1 ya ce har abincin 'ya'yan kifi za ka yi. Kada ka dogara da wannan. Garin da zai bi ta wannan huji sai ya kai laushin milimita 0.3, abin da ƙaramin injin guduma ba ya yi da umbaz. Abincin 'yan makonnin farko kaɗan ne, a saya na kamfani, ko a daka babbar ƙwaya a tankaɗe ta daidai bakinsu.

Ta fuskar kayan haɗi kuwa, Sudan ta yi sa'a. Umbaz na gyaɗa daga Kurdufan da Jazira da Rahad yana da furotin kashi 40 zuwa 48 cikin ɗari. Na riɗi daga Gadarif yana da kashi 35 zuwa 42. Dawa irin feterita tana da kashi 11 zuwa 13, dusar alkama wato radda kusan 15. Amma furotin ba lamba ba ce kawai, akwai sinadaran da ke cikinsa da kifi ke buƙata don girma, kamar lisin da metiyonin. Binciken da Santiago da Lovell suka wallafa a 1988 ya nuna karfasar Nilu tana buƙatar lisin kusan kashi 5.1 na furotin ɗin abincinta, da metiyonin kusan kashi 2.7. Gyaɗa ta gaza a duka biyun. Riɗi yana da metiyonin sosai amma lisin ɗinsa kaɗan ne. Saboda haka gyaɗa da riɗi tare sun fi kowannensu shi kaɗai, sannan garin kifi da ɗan lisin na kanti, irin wanda masu kaji ke saya, su cike giɓin. Mai zuba umbaz na gyaɗa zalla yana ganin kifi na ci amma ba ya girma yadda ya kamata, sai ya ɗora wa inji laifi.

Ga haɗi na kilo 100 da ke tafiya lafiya a wannan inji don karfasar da ta wuce giram 50: umbaz na gyaɗa kilo 30, umbaz na riɗi 12, garin kifi 12, dawa 26, fulawar alkama 6, radda 11, sai kilo 1 na haɗin bitamin da ma'adinai, kilo 1 na garin fosfet na dabbobi, rabin kilo na lisin, rabin kilo na gishiri. In garin kifin yana da furotin kashi 50, jimillar tana tsayawa tsakanin kashi 29 da 30, sitaci kuma ya ɗan haura kashi 20, wanda shi ne mafi ƙarancin da ƙwaya ke buƙata don ta yi shawagi. Fulawar nan kilo 6 tana da tsada, mutane suna son cire ta, ni kuwa ban yarda ba. Sitacin dawa ya fi na masara da na alkama taurin kai wajen nuna, kuma wannan bututun gajere ne, garin ba ya daɗewa a ciki. Fulawar ce ke ɗaure ƙwayar. In ana da masara a hannu, a maye rabin dawar da ita, kumburin zai fi kyau. Jar dawa mai bauri kuma a bar ta, baurin nan yana ɗaure furotin ya hana kifi amfana da shi.

Maiƙo yana da nasa sharaɗi. Da zarar mai a cikin garin ya wuce kashi 6 ko 7, sukuru ya fara santsi, gogayya ta ragu, zafi ya faɗi, ƙwaya ta fito a dunƙule ta nitse. Umbaz na riɗin da aka matse a matsar mai ta gargajiya da raƙumi ke juyawa yana riƙe mai fiye da na masana'anta, shafa shi a takarda ma za ka ga tabo. In shi aka samu, a rage shi zuwa kilo 8 a ƙara na gyaɗa. Man da kifi ke buƙata ana fesa shi ne bayan an busar, kashi 2 zuwa 3, a juya a cikin ganga ƙwayar tana da ɗumi don ta sha. Umbaz na angurya yana da arha a Jazira, amma yana ɗauke da gubar gosifol, ga ɓawo da yawa, kada ya wuce kashi 10.

Abin da ya fi damuna a kayan haɗinmu shi ne fumfunar gyaɗa. Umbaz da ya sha laima a sito yana haifar da gubar afilatoksin, kuma zafin wannan inji ba ya kawar da ita. Kifin da ke cin ta yana rage ci, hantarsa ta lalace, ya riƙa mutuwa ɗaiɗai ba tare da wata alama a fata ba. Iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa abincin dabbobi ita ce kashi 20 cikin biliyan, adadin da ido ba ya gani balle hanci. Abin da mai kududdufi zai iya shi ne ya fasa umbaz ɗin ya duba cikinsa kafin ya biya, ya ƙi duk wanda ya yi kore-kore ko baƙi-baƙi ko yake warin rumbu, ya sayi sabon matsa a lokacin rani, kada kuma ya karɓi buhunan ƙasan tari komai arharsu.

Garin kifi ma sai an yi hattara. Wanda ake yi da ɓarɓashin kajek, wato busasshen kifi, da ƙananan kifin da aka shanya a ƙasa a bakin tafkin Rusairis ko Jabal Auliya yakan zo da yashi. Yashin nan yana rage furotin a awo, sannan yana cin sukuru da zobba kamar ba ƙarfe ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba hannu ɗaya a kofin gilashi da ruwa, a motsa, a bari ya kwanta, yashi zai taru a ƙasa a gan shi ƙarara. In na kifi mai gishiri ne, a cire gishirin haɗin gaba ɗaya. A kuma tambaya ko an fesa wa busasshen kifin maganin ƙwari don korar ƙwaron da ke cin banda, domin abin da ya kashe ƙwaro zai iya kashe kifi a kududdufi. Dawar da aka sussuke a ƙasa ita ma a sheƙe ta a tankaɗe, a kuma ɗaura maganaɗisu mai ƙarfi a bakin mazurari. Ƙusa ɗaya ta isa ta fasa zobe.

Yadda ake tafiyar da shi: a gauraya busassun kaya tukuna, ƙananan abubuwa kamar bitamin da lisin a fara cuɗa su da kilo biyar na radda kafin a watsa cikin tarin, in ba haka ba wani buhu zai kwashe su duka wani ya tashi babu. Sai ruwa. Kayanmu busassu suna da danshi kusan kashi 10, ana so a kai shi kashi 22 zuwa 25, wato lita 15 zuwa 20 a kan kilo 100. A yayyafa, kada a kwarara, a rufe da leda na minti 20 zuwa 30 don ruwan ya shiga cikin garin. In ka dunƙula a hannu ya kamata ya tsaya, in ka taɓa da yatsa ya wargaje, tafin hannu kuma kada ya jiƙe. Kafin a zuba komai a duba sukuru yana juyawa ta inda kibiya ta nuna, domin musanya waya biyu a layi uku yana juya moto baya. A ɗumama bututun, a fara da ɗan gari mai laima sosai, ana ƙara saurin turawa sannu a hankali ana kallon agogon amfiya. Kilo biyar ko goma na farko ba za su yi shawagi ba, a tara su a mayar cikin gari.

Idon mai aiki ya zauna a kan ƙwayar da ke faɗowa. In ta fito da santsi, da nauyi, launinta bai canza ba, to zafi bai kai ba ko ruwa ya yi yawa. In ta fito baƙa-baƙa tana warin ƙuna, amfiya tana hawa, ruwa ya yi kaɗan ko an cika turawa, kuma wannan ƙunar tana lalata lisin ɗin da aka saya da tsada. In tana da jela, wuƙa ta dakushe ko ta yi nesa da faranti. In inji yana tofar da tururi ta baya, ta wajen mazurari, huji sun toshe ko zobba sun cinye. Ƙwayar kirki takan fi hujin da ta fito faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, in ka fasa ta ka ga ƙananan ramuka a ciki. Akwai awo da ya fi ido: a cika gwangwanin lita ɗaya da busasshiyar ƙwaya a auna. Ƙasa da giram 440 za ta yi shawagi a ruwan daɗi, in ta kai 550 tana hanyar ƙasa. Sai a ƙirga ƙwaya 100 a zuba a bokiti, bayan minti 10 a ga nawa suka rage a sama. In ba su kai 90 ba a gyara haɗi ko ruwa kafin a ci gaba da ɓata kaya.

Wajen kashewa ne hatsarin jiki yake. Ana rage gari, a bi da jiƙaƙƙiyar dusa don ta wanke ciki, a tsayar, a kwance faranti tun yana da zafi, sannan a ɗan kunna don sukuru ya tofar da ragowar. Akwai matsi da tururi a bayan farantin nan. Mai kwancewa ya tsaya a gefe, da safar hannu mai kauri, kada kowa ya tsaya a saitin bakin, musamman yara masu son kallo. Farantin a jefa shi a ruwa ya jiƙa, a tsokace huji da waya mai laushi.

Abin da ya fito daga inji bai zama abincin ajiya ba tukuna, yana da danshi kashi 16 zuwa 18 ko fiye, kuma sai an sauke shi ƙasa da 10. Daga Nuwamba zuwa Mayu rana da busasshiyar iskar ƙasar nan suna yin wannan aiki kyauta cikin yini ɗaya, muddin an baza a kan raga da ke bisa ƙafafu, kauri bai wuce yatsu biyu ba, ana juyawa, an kuma kare shi daga ƙura da kaji. Inuwa mai iska ta fi tsakiyar rana, domin rana tana cin bitamin. Da damina kuwa, musamman a Damazin da kudancin Sinnar inda ruwa ke da yawa, shanya ba ta wadatarwa. Ƙwaya takan bushe a waje cikinta da laima, a ɗura a buhu, bayan mako guda a buɗe a tarar da fumfuna. Dole a yi akwatin busarwa mai tire-tire da fanka da garwashi a gefe, zafin iskar kada ya wuce digiri 60 zuwa 70, ko kuma a tsara aiki a cura na farkon damina tun watan Mayu. Gwajin bushewa: a cika rabin kwalba da ƙwaya, a toshe, a ajiye a rana rabin awa. In gumi ya fito a jikin kwalbar, a mayar shanya. A bar ta ta huce sarai kafin ɗuri, a jera buhu a kan katako nesa da bango, a cinye cikin wata biyu zuwa uku, wanda aka fesa wa mai kuma ya riga sauran ƙarewa domin shi ke fara ɗaci. Bitamin C na yau da kullum ba ya jure zafin bututun, a nemi haɗin da aka rubuta nasa mai fosfet ne.

To me ake samu bayan duk wannan wahala? Babban amfanin abinci mai shawagi shi ne kana ganin abin da kifi ya ci. Ka zuba abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, in ya rage ka san ka rage gobe, in sun ƙi tasowa ka san akwai matsala a ruwa tun kafin su fara mutuwa. Mai nitsewa ba ya ba ka wannan labari, yana ruɓewa a ƙasa yana cin iskar oksijin. Na biyu, dafuwar da sitaci ya yi tana sa kifi ya narkar da shi sosai. Karfasa mai giram 20 zuwa 100 tana cin kashi 3 zuwa 4 na nauyinta a rana, mai 100 zuwa 250 kashi 2 zuwa 3, wadda ta wuce haka kashi 1.5 zuwa 2, a raba sau biyu ko uku. Kada a ciyar da asuba, lokacin oksijin ya fi ƙaranci, a bari rana ta ɗaga. A sanyin Disamba da Janairu, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 22 a rage, in ya kusa 16 sun daina ci, zubawa asara ce. Da haɗin da ke sama da kula mai kyau, kilo 1.6 zuwa 1.8 na abinci ya ba da kilo ɗaya na kifi abu ne mai yiwuwa, in ruwan kududdufin kore ne ma ya fi haka sauƙi.

Ga tarwaɗa injin bai kai yadda yake ga karfasa ba. Ita tana son furotin kashi 35 zuwa 40, kuma duk kilo na garin kifi da umbaz da ka ƙara, kilo na hatsi ka cire, sai sitaci ya gaza ƙwaya ta ƙi tashi. Ana iya yi, amma sai an bar radda kusan gaba ɗaya an dogara da fulawa, kuma rabin shawagi ma a gode.

Akwai wata dabara da ta dace da garuruwan masunta. Inda ake yanka kifi don kajek ko fasik, wato kifin da ake jiƙa da gishiri, kai da hanji suna zubewa a banza. In an niƙa su tun suna sabo aka zuba asid ɗin fomik kashi 3 cikin ɗari, ko aka cuɗa da molas na masana'antar sukari kashi 15 zuwa 20 aka rufe ganga ruf, suna narkewa su zama ruwa-ruwa mai tsami da ke ajiyuwa watanni. Tun da kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, kilo 15 zuwa 20 a cikin kilo 100 na gari yana maye gurbin yawancin ruwan kwaɓi ya kuma ƙara furotin da ƙanshin da kifi ke so. Sharaɗi biyu ne: a kwashe man da ya taso sama, a kuma wanke bututu da dusa bayan aiki domin tsamin yana cin ƙarfe. Kada a ba kifi ragowar irin jinsinsa, hanyar yaɗa cuta ce.

Abin da aka ciyar yana bin kifi har kan tanderun banda. Wanda aka cika wa hatsi da mai yana tara kitse a ciki, a kan wuta ya yi ta ɗiga yana tada baƙin hayaƙi, in an shanya kuma ya yi saurin ɗaci. Kwana ɗaya ko biyu kafin kamu a daina ciyarwa, hanji ya zama wayam, domin kifin da aka kama da cikakken ciki shi ke fara fashewa a hanyar kasuwa a zafinmu.

Saura tambayar da ta fi kowacce: wa ya kamata ya saya? A yi lissafi. Mai karfasa 5,000 da zai kai su giram 300 zai girbe tan ɗaya da rabi, zai ciyar da kusan tan biyu da rabi a wata shida. A kilo 90 cikin awa, aikin awa 28 ke nan. Inji da janareta da injin niƙa da injin gauraya su zauna wata shida don aikin da bai kai na mako guda ba, kuɗin ba zai dawo ba. Mai irin wannan girma gara ya tsaya a kan injin niƙa nama mai moto, ya yi mai nitsewa, ya riƙa zubawa a kan tire a cikin ruwa yana ɗagowa yana dubawa. DGP60 na mutum goma ne ko goma sha biyar da suka haɗa kuɗi, ko na mutum ɗaya da zai mai da curin sana'a ya riƙa yi wa maƙwabta a kan lada, da ma'aikaci guda tsayayye da ya san muryar injin. Inji mai hannu da yawa, kowa ya zo ya kunna da kansa, ba ya shekara. Ƙaninsa DGP40 mai kilowat 5.5 ya fi sauƙin wuta da kuɗi, sai dai bututunsa ya fi gajarta, ya fi kuma tsananin zaɓen gari.

Kafin a biya, a sa dillali ya kunna shi da garinka, ba nasa ba, a yi gwajin bokiti a gabansa. A buɗe bututu a duba ko gunduwoyin sukuru da rigar cikin bututu ana cire su ɗaya-ɗaya, domin su ne ke cinyewa, kuma wanda masu sassaƙa ƙarfe a unguwar masana'antu za su yi maka da ƙarfe mara tauri ba ya daɗewa. A karanta farantin jikin moto a tabbatar kilowat 15 ne kuma na wuta mai hertz 50, a ɗaga murfin akwatin wuta a ga akwai abin da ke katse moto in ya yi zafi. A cikin ciniki ɗaya a haɗa da cikakken saitin sukuru da zobba na canji, faranti na milimita 2 da 3 da 4, wuƙaƙe, bel, da boris ɗin baya mai ɗaukar matsi, domin daga ranar da ɗayansu ya lalace zuwa ranar da sabo zai sauka a Port Sudan ya iso hannunka, kifin da ke kududdufi ba zai jira ba.